Sunan waƙa yana cikin faifan CD ne, ko kwamfuta ke nemo shi?

Malam Habu (Jidda): Salamu alaikum. Masu cewa duk faifan CD yana ɗauke da sunayen waƙoƙinsa, ba haka ba ne. Tsarin da Philips da Sony suka fitar a 1980 bai ware wa suna gurbi ba. Jadawali kawai ke farkon faifan: waƙa nawa ce, iyakarta 99, da inda kowace ta fara.

Alhaji Isa (Makka): Wa alaikumus salam. Malam, ka faɗi rabi. Rediyon mota ba shi da intanet, amma yana rubuto suna.

Malam Habu: Wannan CD-Text ne, Alhaji, wato tsarin rubuta sunaye a cikin faifan, a 1996 aka ƙaro shi. Kuma ba kowane faifai aka sa wa ba.

Alhaji Isa: To ai yana ciki ke nan!

Usman (Madina): Iyayena, kowa da gaskiyarsa. Sai dai yawancin sunan da kwamfuta ke nunawa ba daga faifan yake ba. Manhajar na ɗaukar yawan waƙoƙi da tsawon kowace, har ɗaya bisa 75 na daƙiƙa, ta haɗa lamba, ta tambayi rumbun sunaye na intanet irin Gracenote ko MusicBrainz. Shi ya sa faifan ƙira'a da aka buga a shago kan fito "Track 01", ko ma ya fito da sunan wani bature can, in lissafin tsawonsu ya yi karo.

Hajiya Rabi (Jidda): Ku ƙara da masu buga faifan. CD-Text yana zaune ne a da'irar farko ta faifan, don haka sai an zaɓi bugu ɗaya ba tsayawa, wato Disc-At-Once. Wanda ya buga waƙa-waƙa, ko da ya rubuta sunayen, ba za su shiga ba. Haruffan Larabci kuma ba sa cikin waɗanda tsarin ya tanada. Ƙ da ɗ namu ma haka, sai a rubuta k da d.

Alhaji Isa: Amma Hajiya, akwai faifan da ke nuna sunan sura da Larabci.

Hajiya Rabi: Na MP3 ne wannan, Alhaji. Sunan yana cikin fayil ɗin kansa, ana ce masa ID3. Tsohon samfurinsa harafi 30 kawai yake ɗauka, sabon kuma yana karɓar Larabci in an adana da Unicode, tsarin da ya haɗa haruffan harsuna daban-daban. In ba haka ba, allon mota shirme zai nuna.

Alhaji Isa: Ni dai ban janye ba. MP3 ɗin ma a kan faifai yake.