Muhawara: A bar darasin nahawu, waya da hira sun isa?

Sabon malami: Assalamu alaikum. Ni a ganina, a daina wahalar da yara da haddar nahawun Turanci. A bar su su saurara ta waya, su yi ta hira da juna, harshen zai zauna da kansa. Ina da ɗalibin da zai rattabo maka dokoki tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi hanya da Turanci, sai ya yi tsuru-tsuru.

Tsohon hedimasta: Wa alaikumus salam. Ɗana, wannan waƙar mun taɓa jin ta. A shekarun 1960 makarantun Amurka sun cika da ɗakunan koyon harshe, kowane yaro da na'ura a kunne yana maimaita abin da tef ya faɗa. Ina ɗakunan suke yanzu?

Malamar sakandare: Baba, a gafarce ni, ba ɗaya ba ne. Wancan maimaicin aku ne. Hanyar koyar da harshe ta sadarwa ta shekarun 1970 ta ɗauki batun masanin harshe Dell Hymes ne, cewa sanin harshe ya haɗa da sanin abin da za ka faɗa, ga wa, a wane wuri. Ni nakan ba yara biyu taswira, ta ɗaya da sunayen tituna, ta ɗayan babu. Dole su yi magana.

Sabon malami: Yauwa Malama! Masanin koyon harshe Stephen Krashen ma ai cewa ya yi ana samun harshe ta jin abin da ake fahimta, wanda ya ɗan ɗara matakin mai koyo.

Malamar sakandare: Tsaya, Malam, ban bi ka har can ba. A 1985 masaniyar koyon harshe Merrill Swain ta duba yaran Kanada da aka yi shekaru ana koyar da su darussa da Faransanci, wanda ba harshensu na gida ba ne. Suna ji sarai, amma da sun buɗe baki ko sun ɗauki alƙalami, kurakurai na nan daram. Sai an sa yaro ya furta, an kuma gyara masa.

Uban ɗalibi: 'Yata kullum tana kan manhajar koyon harshe ta Duolingo, ba ta tsallake rana. Kalmomi kam ta tara. Baƙo ya gaishe ta da Turanci, ta ruga ɗaki.

Tsohon hedimasta: To, ka ji. Manhaja ba ta koya wa yaro fuskantar mutum.

Sabon malami: Na yarda a riƙa gyara. Amma minti goma a ƙarshen aiki, ba darasi guda a kan allo ba.

Tsohon hedimasta: A ajin yara nawa, ɗana? Wa zai ji kuskuren na bayan aji?