Neman kalma: me za mu kira "princely state" a shirin Kishangarh?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a naɗi shirin rediyo kan tarihin Kishangarh, wata ƙaramar ƙasar Rajputawa kusa da Ajmer a Indiya, kuma "princely state" ta gagare ni. Kishan Singh, ɗan sarkin Jodhpur Udai Singh na gidan Rathore, shi ya kafa garin a 1611. A 1818 zuriyarsa suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, daga nan har 1948 sunan da Turawa ke kiran ƙasar ke nan. Kalmar za ta yi ta fitowa, ina son wadda baki zai iya maimaitawa.

Bakatsine: Ƙasar yarima.

Malamar Tarihi: A'a Malam. Yarima ɗan sarki ne da bai hau ba. Wanda ke Kishangarh maharaja ne, wato babban sarki, a kan gadonsa. Turawa ne ba su son a ce akwai wani sarki ban da nasu, suka rage masa suna. Kada mu kwaso rainin nasu mu zuba a Hausa.

Bakatsine: To masarauta kawai, a huta.

Malamar Tarihi: Mai sauraro zai ɗauka irin Kano ce bayan 1903, alhali ba ɗaya ba ne. Kano an ci ta da yaƙi, iko ya koma hannun Turawa, Gwamna ke ba sarki sanda. Kishangarh ba ta taɓa zama ƙasar Ingila a doka ba. Sharuɗɗan 1818 su ne: Ingila za ta kāre maharajan, shi kuma ba zai yi hulɗa da wata ƙasa ba, ba zai kai wa maƙwabci yaƙi ba, in rigima ta taso Turawa ne masu sasantawa, in an nemi dakaru ya bayar. Cikin gida kuwa, shari'a da haraji nasa ne.

Ɗan Damagaram: Masarauta mai biyan gandu fa?

Baban Hajara: Nan za a yi tuntuɓe. Jodhpur da Kota da Bundi, su ma ƙasashen Rajputawa, sun biya kuɗin shekara, Kishangarh ba a ɗora mata ko anini ba. Turawa sun fi bin abin da kowace ƙasa ke biyan Marathawa, masu ƙarfi a yankin kafin Turawa, wadda ba ta biya sai aka bar ta. Ni "masarautar amana" nake gani. A daular Sakkwato akwai garuruwan da suka karɓi amana: sarkinsu na nan, al'adarsu na nan, ba a kai musu hari, su kuma sun yi biyayya.

Ɗan Damagaram: Amma 'yan amana suna ba da jiziya, Baba. Mun koma gidan jiya.

Baban Hajara: Suna bayarwa, amma jigon maganar kāriya ce a bakin biyayya. Kuma dattijon ƙauye zai gane ta ba tare da dogon bayani ba.

Hausa Zalla: Kullum sai Larabci! Amana, daula, mulki, yaushe za mu tsaya da ƙafarmu? Na daɗe ina cewa "'yar-inuwa". Ƙasa ce da ta fake a inuwar babba. Jam'i 'yan-inuwa. Gajeriya, tamu ce tun asali.

Bakatsine: A rediyo za a ji kamar 'yar wani Malam Inuwa. In dai fallasa ake so a ce je-ka-na-yi-ka. Kuma ƙasar da faɗinta murabba'in mil 858 ne, mutanenta ba su kai dubu ɗari ba a 1901, mai ita ai hakimi ne a wurinmu.

Malamar Tarihi: Wane hakimi ne ya taɓa buga kuɗinsa? Kishangarh tana da nata tsabar kuɗi, ta fara buga kan sarki nata a 1899, ana harba wa maharajanta igwa 15 in ya fito taro, na Jodhpur 17. Je-ka-na-yi-ka kuwa wanda aka ɗauko aka ɗora ne, su waɗannan sun fi shekara ɗari biyu a kan gadon kafin yarjejeniyar. Hakimai su ne thakur, manyan dangin sarki masu riƙe da ƙauyuka a ƙarƙashinsa.

Hausa Zalla: Ba a amsa mini ba. Me ya sa in kalma ta fito daga Larabci sai a ce ta zauna, in ta Hausa ce sai a yi dariya?

Baban Hajara: Allah ya ba ka haƙuri Malam. Inuwa da kai wa mutum raini tare suke tafiya a kunnen Bahaushe, shi ya sa. Amana kuma ta fi ni da kai daɗewa a Hausa.

Ɗan Damagaram: Ƙasar raja fa, tunda raja sarki ne a bakinsu?

Malamar Tarihi: Tonk tana cikin Rajputana, yankin da Kishangarh take, amma sarki Musulmi mai sarautar nawab ne ke mulkinta a lokacin. Na Hyderabad kuma Nizam ake ce masa. Ƙasashen sun haura 560, ba duka na raja ba ne.

Mai Fassara, ka kula da wani abu: duk wadda ka zaɓa, kada ka sa ta kafin 1818. Zamanin daular Mugal, wadda ta mulki Indiya kafin Turawa, wata alaƙa ce daban. Jagat Gosain, 'yar'uwar Kishan Singh, ita ce matar sarkin Mugal Jahangir kuma uwar magajinsa Shah Jahan, wato kawun sarkin sarakuna ne ya kafa garin. Rup Singh kuma, sarkin Kishangarh, a fagen daga na Samugarh ya mutu a 1658, yana yaƙi a ɓangaren Dara Shikoh, ɗan Shah Jahan. A can sarakunan Kishangarh manyan fada ne masu muƙamin soja, ana biyansu da jagir.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Karon farko zan ce "masarauta mai cin gashin kanta a cikin gida, ƙarƙashin kāriyar Ingila", daga nan sai "masarautar amana". Jagir ma na jirana a shafi na uku.

Baban Hajara: Bar ta jagir, ka ce haƙƙin karɓar harajin wani yanki ne a madadin albashi, ba mallakar ƙasar ba. Kada ka ce gandu, za a ɗauka gona ce.

Hausa Zalla: Ku yi amanarku. Ni a darasina 'yar-inuwa zan ci gaba da cewa, jagir kuma ina da kalmarta in an tashi nema.