Ƙotar jins da rezin ko in sayo micarta? Mai tukuba ne zai yi aiki da su

Ɗan Maƙera: Salamu alaikum jama'a. Wani mai tukuba ya ba ni aikin wuƙaƙe kahin layya, kullum kusa da wuta yake kuma da ruwan zahi yake wanke su. In yi ƙota da tsohon wandon jins da rezin, wato gam mai ruwa da ke daskarewa ya yi tauri, kamar yadda na saba, ko in aika Kano a sayo min micarta, wato fallen ƙota na yadi da rezin da aka danne a masana'anta?

Baba Tsoho: Yaro sa iccen kirya ka huta. Da shi muka taso.

Ɗan Maƙera: Baba icce ne yake tsage mishi, shi ya sa ya zo wurina.

Na Zariya: Ƙanena ji nawa. Bara cikin watan 4 na gama wuƙaƙen wani Alhaji, na manne ƙotar da kol mai kwalba biyu, yaron da ya zo ɗauka ya jibge su gaban gilashin mota har Tasawa, rana tsaka. Irin kol ɗin nan daga digiri 60 ya fara laushi, gaban mota kuwa ya kan wuce haka. Ko da suka isa ƙota ta ɗaga, in ka danna sai ta motsa. Alhaji ya ce aikina ne na banza, ya riƙe min jika 15, ga ƙarfe na saya ga gawayi, yau in mun haɗu kasuwa sai ya kau da kai kamar ni na ci nashi.

Injiniya: Ba ka sa ƙusa ba ke nan. Micarta ta gaske rezin ɗinta feno ne, in ya daskare ba ya narkewa, sai dai ya ƙone. Ta jins ta gida ta fi saurin laushi. Kuma ku lura wajen gogewa a mashin, ƙusar tagulla na ɗaukar zahi ta sassauta kol ta bar baƙin zobe. A dinga tsayawa ta huce. G10 kuma, wani fallen ƙota irin micarta, zaren gilas ne, in za ka goge shi rufe hanci.

Na Zariya: Na sa ƙusa biyu malam. Ka taɓa riƙe guduma ko a YouTube ka gani?

Sani Walda: jika 4 na sayi falle guda na micarta

Abdu Jibiya: Jika 4 ina? Ƙasa da 9 ba ta zuwa, roba aka sayar maka.

Mai Shayi: Ku ba shi cokali mai yatsu ya yanka da shi 😂

Baba Tsoho: Wanda bai shekara 20 gaban zuga-zugi ba ya yi shiru.

Sani Walda: Ku bar zancen ƙota, da wace wuta za a goge ta? Tun safe aka ɗauke unguwarmu, mashin na zaune, litar esans kuma kun san yadda take.

Abdu Jibiya: Mu tun jiya da la'asar wallahi.

Ɗan Maƙera: To jama'a, in aika Kanon ko in bari?

Mai Shayi: An kawo ta wajenku? Nan har yanzu shiru.