Neman kalma: me za mu kira rediyoterafi a likitancin dabbobi?

Ɗalibin likitancin dabbobi, Kumasi:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina shirya wa ƙannenmu na unguwar Aboabo bayani da Hausa kan inda karatunmu ke kaiwa bayan digiri, sai na cije a wuri ɗaya. Akwai likitan dabbobi da ke ƙwarewa a jinyar ciwon daji da radiyeshon (haske mai ƙarfi da ke ratsa jiki), wato rediyoterafi. A Amurka tun 1994 aka amince da fannin: ka gama digiri, ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ka ƙara shekara 2 zuwa 3 a hannun manya, sannan jarrabawa. Me za mu kira jinyar, me za mu kira mai yin ta?

Dattijo daga Asawase:
Yaro, ai 'yan'uwanmu na Najeriya "gashi" suke cewa. Ka ɗauka ka wuce.

Nas, Kumasi:
Baba, a gafarce ni, kalmar nan tana cutar da mutane. Na farko, ga gashin ƙashi, wanda aikinsa daban. Na biyu, babu wuta a ciki. Mara lafiya yana kwance, an yi masa 'yan alamomi a fata, na'ura ta zagaya shi 'yan mintoci, ba ya jin ko ɗumi. Hasken yana ratsa jiki ne ya kakkarya DNA (kundin gadon halitta) na ƙwayoyin ciwon dajin, su kasa hayayyafa. Fata takan yi ja ko ta saɓule daga baya, wannan gaskiya ne. Amma na ga uwa ta riƙe hannun 'yarta gam a bakin ƙofa tana tambaya, "Ƙona ta za ku yi?" Mutanenmu da ake turawa asibitin Komfo Anokye ko na Korle Bu ba su buƙatar ƙarin tsoro daga bakinmu.

Ɗalibin:
Haka ne Yaya. Ga mai dabba ma ya fi muni, ka ce masa za a gasa masa doki! Kuma dabba ba ta jin "kada ka motsa", dole a sa ta barci a kowane zama, zaman kuwa kan haura 10. Shi ya sa horon ke da tsawo: ga lissafin awon haske, ga kare ido da ƙwaƙwalwa idan ƙullutun ciwon yana cikin hancin kare ko kyanwa. To "haskawa" fa?

Nas:
Za su ɗauka hoton ƙirji ne. Ni "harbi" nake so, domin saiti ake yi a auna wuri ɗaya.

Dattijo:
Kul kuka ce "harbin daji", kowa farauta zai ji. Ku ce sankara, ita muka gada.

Ɗalibin:
Madalla, Baba. Ga abin da zan rubuta: jinyar ita ce "harbin sankara da haske", a taƙaice "harbin sankara". Mai yin ta, "ƙwararren likitan harbin sankara na dabbobi". Karatun kuma "horon ƙwarewa". Zan gwada a kan 'yan zangon shanu ranar Juma'a, in ji ko kalmar harbi ta firgita su, sai in dawo muku da amsa.