Tiramisu ba giya, ba ɗanyen ƙwai: shi ne, ko wani abu ne daban?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun safe. Ranar Asabar na yi tiramisu faranti biyu na walimar wata amarya. Biskit na tsoma a kofi na jera, na shafa kirim, na sake jerawa, na sake shafawa, sannan na barbaɗe saman da garin koko, kokon cakulan nake nufi ba na kamu ba. An ci, ko ɗigo bai saura ba. To yau ƙanwar ango ta kira ni tana cewa na asali da giya ake yin sa, da ɗanyen ƙwai, da wani cuku da babu shi a nan. Wai ko dai na ciyar da mutane haram, ko kuma na sayar musu da abin da ba shi ba ne. Ni dai Allah Ya sani ban sa giya ba. Ku gaya min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba.

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki ji haushina, amma yarinyar nan ba ta yi ƙarya duka ba. Sau biyu ina tambaya a gidajen abinci a ƙasar waje, duka biyun aka ce min akwai giya a ciki. Tun daga nan na cire shi daga raina. Abin da aka san shi da giya, me ya kai mu ɗaukar sunansa? Ki kira naki kek ɗin kofi mai sanyi ki huta da surutu.

Ummi: Ina bayan Hajiya. Kuma a tuna wannan ba gasa shi ake yi ba balle wani ya ce wuta ta kori giyar. Yadda aka zuba haka take zaune. Hadisi kuwa a fili yake, abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Maman Sadiq: Ummi ai ban musa wannan ba. Tambayata ita ce, in babu giyar, ya tashi daga tiramisu ke nan?

Anti Rabi: Ku ba ni dama, yanzu na dawo daga ɗauko yara. Shekarata tara a Padova ta ƙasar Italiya, kuma tsakaninmu da Treviso, garin da ya fi kowanne iƙirarin abin nan, tafiyar kusan awa ɗaya ce. Hajiya, abin da aka gaya miki gaskiya ne, gidajen abinci da yawa suna zuba Marsala, wata giya ce ta tsibirin Sisili, wasu kuma wata daban suke sawa. Duk Musulmin da zai saya a waje dole ya tambaya, ni ma har gobe tambaya nake. Amma cewa da giya aka fara shi, a nan muka rabu.

A Treviso akwai gidan abinci mai suna Le Beccherie. Matar mai gidan, Alba Campeol, da mai haɗa musu kayan zaƙi, Roberto Linguanotto, su ake danganta wa shi, kuma a 1972 ya shiga jerin abincin gidan. A 2010 aka rubuta yadda suke yin sa aka ajiye a hannun Accademia Italiana della Cucina, ƙungiyar da ke kula da girkin gargajiyar Italiya. Kaya shida ne kacal: gwaiduwar ƙwai 12, sukari rabin kilo, cukun mascarpone kilo ɗaya, biskit ɗin savoiardi 60, kofi, da garin koko mai ɗaci. Ku ƙirga, babu giya. Tushensa ma wani abu ne da mutanen karkarar yankin ke kira sbatudin, gwaiduwa ce ake bugawa da sukari a ba mai jego, ko yaro, ko wanda ya tashi daga ciwo, don ya samu ƙarfi. Kamar dai yadda mu ke dama wa mai jego kunun kanwa. Sunan kansa abin da yake nufi ke nan, ɗaga ni sama. Abin da ake ba yara da masu shayarwa ne ya zama tiramisu.

Hajiya Turai: To Rabi, kin faɗi na Treviso. Su kaɗai ne ke cewa nasu ne?

Anti Rabi: A'a Hajiya, ba zan ɓoye miki ba. Maƙwabtansu na yankin Friuli sun ce sun riga su, suna kawo sunan wata mata, Norma Pielli, da ke yin sa a otal ɗinsu a Tolmezzo tun shekarun 1950. A 2017 ma'aikatar gona ta Italiya ta sa shi cikin abincin gargajiyar Friuli, gwamnan Veneto (yankin da Treviso take) na lokacin, Luca Zaia, ya fito ya nuna ɓacin ransa sosai. Kuma ɗaya daga cikin nau'o'in Friuli, na garin Pieris, shi kam da Marsala ake jiƙa shi. Amma wanda duniya ta sani, mai biskit da kofi da mascarpone, wanda Maman Sadiq ta kwaikwaya, bai dogara da giya ba.

Hajiya Turai: Kin ga ke nan akwai mai giya tun da can.

Anti Rabi: Akwai. Amma ba shi ne sharaɗi ba, abin da nake cewa ke nan.

Ummi: Na karɓi wannan, ban san haka ba. Sai dai a kula da ruwan banila da ake ɗigawa a kirim, wanda ake kawowa daga Amurka dokarsu ta ce sai ya kai kashi 35 cikin ɗari na barasa kafin a kira shi tsantsa. A riƙa karanta jikin kwalba.

Anti Rabi: Na asalin ma babu banila, ki bar shi gaba ɗaya.

Zainabu: Ni maganar giya ba ta dame ni ba, an wuce wurin. Maman Sadiq, da me kika yi kirim ɗin? A nan gizo ke saƙa.

Maman Sadiq: Cukun kirim na kwali ne na haɗa da garin kirim ɗin da muke bugawa da ruwan sanyi na ado a kan kek. Biskit kuma na shayi ne, mai faɗin nan.

Zainabu: To Maman Sadiq, a nan kam ina bayan ƙanwar ango, ki yi haƙuri. Abin da kika yi yana iya fin na Italiya daɗi a bakin wasu, amma ba tiramisu ba ne. Cukun kirim yana da tsami da gishiri, mascarpone kuwa ba shi da su, kamar kirim ne da ya daskare, yana narkewa a harshe. Garin kirim ɗin nan kuma man itace ne da sukari, shi ya sa yake barin maiƙo a dasashi. Cikin kaya shida da Anti Rabi ta lissafa, uku kika yi amfani da su. Mutum ya biya kuɗin abu da sunansa, a ba shi rabinsa?

Maman Sadiq: Zainabu kin san nawa ake sayar da ƙaramar robar mascarpone a manyan shagunan nan, in ma an same ta? In na saka wannan a kuɗin faranti, wa zai saya?

Zainabu: Sai ki canza masa suna. Ba aibi ba ne.

Malam Nura: Salamu alaikum. Hajiyoyi ku ba ɗalibinku wuri, shekarata goma sha ɗaya ina gashin kek. Ba sai an sayi mascarpone ba, a gida nake yi, kuma bai kai dama fura wahala ba. A samu kirim na madarar shanu na gaske, mai ruwa, wanda aka rubuta maiƙonsa ya kai kashi 30 zuwa sama. Rabin lita a tukunya, wuta kaɗan, ana juyawa har ya kai digiri 85. In babu ma'aunin zafi, lokacin da ƙananan kumfa suka fara taruwa a gefen tukunya ke nan, kada a bari ya tafasa. A zuba ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya, a ci gaba da juyawa minti uku zuwa biyar. Ba zai tsinke kamar awara ba, kauri kawai zai yi har ya riƙa manne wa bayan cokali. Mutane da yawa a nan suke tsorata su ƙara lemo, sai ya yi tsami ya lalace. A sauke ya huce, a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a rariya, a juye, a sa a firji ya kwana yana ɗiga. Da safe za a tarar da shi ya haɗe. Mutanen yankin Lombardiya na Italiya da suka ƙirƙiro shi ma kirim da ɗan tsami ne sirrinsu.

Biskit ɗin ma haka. Savoiardi ƙwai ne da sukari da fulawa, ba mai. A buga farin ƙwai daban har ya tsaya, a haɗa a hankali, a matsa shi dogo-dogo kamar yatsa, a barbaɗa sukari a gasa minti goma zuwa sha biyu. Amfaninsa shi ne busasshe ne mai ramuka, yana shan kofi ya yi laushi bai narke ba. Biskit ɗin shayi ko dai ya ƙi sha, ko ya zama kunu.

Binta 'yar Daura: Malam Nura, in na tace kindirmo a ƙyalle ya kwana fa? Ai shi ma kauri yake yi, kuma ga shi a ƙofar gida.

Malam Nura: Na gwada, Hajiya. Kaurin yana zuwa, amma tsamin kindirmo da ɗacin kofi ba sa jituwa, kowa na jan nasa. Da zuma da dabino ya fi dacewa.

Binta 'yar Daura: Ni kuwa na ci na wata da ta yi haka, ya min daɗi.

Zainabu: Daɗi daban, suna daban, Binta.

Sista Hauwa: Duk kun tsallake abin da ya fi damuna. Anti Rabi ta ce gwaiduwa 12, kuma a na asali ɗanya ce. A aikina na ga yaran da aka kawo da amai da gudawa bayan biki, ba abin wasa ba ne. Ɗanyen ƙwai na iya ɗauke da ƙwayar salmonela, kuma ƙwanmu a kan tire yake wuni a rana kafin mu saya. Ku ƙara da wutar da ake ɗaukewa. Firji in ba a buɗe shi ba, awa huɗu yake riƙe sanyi, bayan nan sai addu'a. Abu mai ƙwai da madara kuma bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in zafi ya haura digiri 32 ma awa ɗaya ne. Ku tuna yadda ake jera kayan zaƙi a tebur tun la'asar a watan Afrilu. Don haka ni Maman Sadiq da ta bar ƙwai, na gode mata. Wanda ya nace sai na asali a walimar mutum ɗari biyu, da masu ciki da tsofaffi a ciki, bai yi wa kowa gata ba.

Anti Rabi: Sista gaskiyarki. A nan Italiya ma da yawa sun koma sayen ƙwan da aka riga aka kashe ƙwayoyin cutarsa, musamman masu sayarwa.

Malam Nura: Akwai hanya ta tsakiya. A sa gwaiduwa da sukari a kwano, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, a yi ta bugawa a kan tururi har ya kai digiri 71. Zai yi fari ya kumbura. Ya huce sannan a haɗa da mascarpone. Ƙwai yana nan, haɗarin ya ragu ƙwarai. Amma maganar sanyi tana nan yadda Sista ta faɗa, dafa gwaiduwa bai ɗauke ta ba.

Zainabu: To kun gani. Ana iya yin na gaskiya a nan ba giya, ba ɗanyen ƙwai. Uzurin ya ƙare.

Maman Sadiq: Bai ƙare ba Zainabu, kirim ɗin madara da Malam Nura ya faɗa shi ma ba araha gare shi ba, kuma ba kullum ake samu ba. Amma na ji maganarki, ta shige ni. Abu ɗaya da ban yarda a taɓa ni a kai ba shi ne kofi da koko. Kofina mai ƙarfi na dama, ban sa masa sukari ba, na bari ya huce, kowane biskit tsomawa ɗaya na cire. Saman kuma koko tsantsa na tankaɗe, kuma sai da ya kwana a firji kafin na barbaɗa.

Binta 'yar Daura: Ni Milo nake sawa a sama, yara sun fi so.

Anti Rabi: Binta don Allah wannan kam a'a. Kirim ɗin zaƙi ne da maiƙo, ɗacin koko da na kofi su ke taka masa birki. In kika sa Milo, zaƙi kan zaƙi ke nan, cokali uku mutum ya gundura. Kuma yana jan danshi ya dunƙule.

Hajiya Turai: Na saurari kowa. Rabi kin gamsar da ni cewa ba haram Maman Sadiq ta ciyar ba, kuma zan daina cewa da giya aka fara shi. Amma har yanzu ina tsoron sunan. Yaro ya saba cin tiramisu a gida, gobe ya je karatu waje ya gan shi a shago ya saya bai tambaya ba, tunda ya san shi a kicin ɗin uwarsa.

Anti Rabi: Nawa yaran a nan suka tashi Hajiya, kuma tun suna ƙanana na koya musu tambaya, a kan wannan da cakulan da alawa duka. Ɓoye musu sunan ba zai hana su ganin sa ba.

Hajiya Turai: Allah Ya tsare mana su. Ni dai ban sauka ba.

Maman Sadiq: Amin. Zan kira ƙanwar angon in gaya mata babu giya kuma ba a buƙatar ta, in kuma faɗa mata gaskiya cewa kirim ɗina ba mascarpone ba ne. Odar da ke gabana ta suna ce ranar Juma'a, zan yi ƙaramin faranti ɗaya da hanyar Malam Nura in ga ko kuɗin zai fita. Malam, rabin litar kirim ɗin nan, mascarpone nawa yake bayarwa bayan ya tsane? Ina so in san kwali nawa zan saya kafin Laraba.