Neman kalma: gyaran hasken leza don ya sauka bai ɗaya

Mai_Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar shirin kimiyya na rediyo, kuma na maƙale. Labarin cibiyar binciken leza ta NIF ne da ke Livermore a Amurka, inda ranar 5 ga Disamba 2022 aka harba hasken leza 192 cikin wani ɗan bututu mai ƙwayar makamashi, aka zuba ƙarfin da ya kai megajul 2.05 (megajul ma'aunin ƙarfi ne) aka samu 3.15. Hasken leza in an tara shi wuri ɗaya, tsakiya ta fi zafi, gefe ya dushe, sai a gyara shi ƙarfinsa ya zama ɗaya daga tsakiya har baki. Me za mu kira wannan gyaran? Na sa "aske haske" amma raina bai kwanta ba.

Malamin_Fizis: Wa alaikumus salam. Hajiya, cire "aske". Abin da aka aske zubarwa ake yi, masanan kuwa ba sa son asarar ƙarfin. Kwashe shi suke daga tsakiya su kai gefe. Ana sa farantin gilashi mai tudu da kwari a hanyar hasken, wani sashe ya ɗan yi jinkiri, wani ya wuce, in sun haɗu a matattara sai ɗigon ya ɗauki siffar da ake so. Ni "baje" zan ce.

Ɗan_Jarida: Baje ai watsawa ce, Malam. Mai sauraro zai ɗauka hasken ya cika ɗaki, alhali ɗigo ne ɗan mitsitsi. "Daidaita" fa?

Tsohon_Edita: Kuna ta gini a kan toka. Ita kanta "leza" Hausa ce? Rabin masu sauraro reza za su ji. Shekara da shekaru ina cewa a kira shi TSAGWARON HASKE, tunda launi ɗaya tal gare shi, babu gauraye.

Mai_Fassara: Ranka ya daɗe, leza ta riga ta zauna, har likitocin ido ita suke faɗa. Gyaran nake nema.

Tsohon_Edita: Zaman aro ba zama ba ne. Faransawa ƙirƙirar tasu kalmar kwamfuta suka yi, mu kullum sai roƙo.

Ɗan_Jarida: Su ɗin ma leza suke cewa, Baba. Babbar na'urarsu da ke kusa da Bordo da sunan leza aka raɗa mata. Kuma "edita" da ke jikin sunanka daga wane ƙauye ta fito?

Tsohon_Edita: Yaro, tun kana tatata nake gyara Hausar manya.

Malamin_Fizis: Allah ya huci zuciyar Baba. Tsagwaro ta kama launi, amma ta bar babban abu: igiyoyin hasken leza tare suke taku. Shi ma ya jawo aiki na biyu. In sun ratsa farantin nan sai su riƙa karo da juna, ɗigon ya fito dabbare-dabbare, nan zafi nan sanyi, kuma wuraren zafin su ke hargitsa abin da aka harba. Masanan Jami'ar Rocesta ta Amurka suka fito da dabara a 1989: a riƙa jirkita zangon hasken, wato tsawon igiyarsa, kaɗan-kaɗan cikin tsananin sauri, dabbaren ya yi ta sauya wuri har ya zama kamar farfelar fanka, in tana gudu ba ka ganin fikafikanta. To, aiki biyu ne Hajiya, siffa daban, kawar da dabbare daban.

Mai_Fassara: Kai! Ni da nake neman kalma ɗaya.

Ɗan_Jarida: Na farko "daidaita ƙarfin haske", na biyu "saje dabbare".

Malamin_Fizis: Na biyun ya yi. Daidaita kuwa ta yi faɗi, saita na'ura ma daidaitawa ce. A ƙara mata "bai ɗaya".

Tsohon_Edita: "Daidaita tsagwaron haske bai ɗaya". Ga shi ya zauna daram.

Mai_Fassara: Zan sa "daidaita hasken leza bai ɗaya", sannan "saje dabbare". Baba, a farkon shirin zan ce leza, wato tsagwaron haske mai taku ɗaya, sau ɗaya kawai.

Tsohon_Edita: Sau ɗayan ma a gaya wa mai karantawa ya ja ta da kyau. Maganar leza kuwa ban janye ba.