Musayar Waƙa: Ɗigon Shan Inna da Amanar Jama'a

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum, 'yan zaure. Maudu'in wannan makon shi ne dangantakar kimiyya da jama'a, kuma mun zaɓi dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004 domin a gina baitoci a kansa, saboda a nan ne likita da malami da mai mulki da uwar yaro suka haɗu a bakin ƙofa guda. Sharaɗi shi ne kowane baiti ya rufe da amsa-amon "ya", kuma kowa ya amsa wa wanda ya gabace shi. Malam, bismillah.

Malamin Dawaki:

Da sunan Allah nake farawa,
Mai bai wa bayi basirar ganewa,
Salati ga Manzo babu yankewa,
Sannan in shiga batun tattaunawa,
Tsakanin jama'armu da ilmin kimiyya.

A 2003 Kano ta dakata,
Ɗigon shan inna aka ce an gurɓata,
Wai da maganin hana haihuwar mata,
Zancen ya bi masallatai da kasuwa ya yawata,
Har ya fi ƙarfin jami'an lafiya.

Kusan shekara guda ana ta jira,
Ƙwayar cutar kuwa ba ta saurara,
Ta shanye ƙafafun ɗimbin yara,
Wasunsu yau a bakin danja suke bara,
Alhali ɗigon nan shi ne kariya.

Ni a ganina rashin sani ne,
Maganinsa kuwa aji da allo ne,
Gwamnati ta san cewa nauyinta ne,
Ta ilmantar da yaro, don uban gobe ne,
Shi zai buɗe ƙofa babu jayayya.

Unguwarzoma:
Malam, na karanta baitocinka da girmamawa, sai dai ni ina cikin masu bi gida-gida, kuma abin da nake ji a zaurukan mutane ya wuce rashin sani.

Malam, ka waiwaya 1996,
Da sanƙarau ya shiga gida-gida,
Kamfanin Pfizer ya zo ya gwada,
Maganinsa Trovan, Kano ta shaida,
Yara kusan 200 ne a gwajin gaba ɗaya.

Yara 11 suka rasu daga cikinsu,
Wasu suka tashi da naƙasa a jikinsu,
Iyaye suka ce an tsallake yardarsu,
Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su,
Sai a 2009 aka sasanta da Kano kan diyya.

Shekara bakwai ce tsakanin biyun nan,
Iyayen da suka gani da idonsu suna nan,
Ba a jarida suka karanta labarin nan,
A cikin garinsu aka yi makokin nan,
To ina laifin wanda ya tsaya tambaya?

Nakan yi sallama da akwatin ƙanƙara,
In ɗiga biyu-biyu a bakin yara,
In shafa tawada a ɗan yatsa, in ƙara
Da alamar alli a bango kafin in ƙetara,
Sai maigida ya tare ni a kan hanya:

"Zazzaɓin sauro yana kashe mana,
Ƙyanda ta kwantar da 'ya'yana,
A asibiti an ce in sayo magani da kuɗina,
Me ya sa wannan kyauta ne har ƙofar gidana?"
Malam, amsar wannan tana da wuya.

Ɗan Damagaram:
Yaya Unguwarzoma, daga wannan gefen iyaka nake amsa miki a taƙaice.

Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan,
Tana bin motar kasuwa tsakanin Maraɗi da Jibiya.

Irin da ya tashi daga arewacin ƙasarku ya kai Sudan,
A 2005 ya ɓulla a Yaman da Indonesiya.

Masana sun bi sawunsa ta gwajin ƙwayoyin halitta,
Suka nuna wurin da ya fara tafiya.

Shawarar da aka yanke a gidan gwamnatin jiha guda,
Ta kai ga uwar da ke nesa ƙwarai da Najeriya.

Iyaye suna da haƙƙin tambaya, na yarda da ke,
Amma jinkirin amsa daga hukuma ya cutar da duniya.

Limamin Unguwa:
'Ya'yana, tunda an ambaci masallatai, ya zama wajibi mu ma mu faɗi abin da muka sani.

Addini bai yi gaba da magani ba,
Hadisi ya zo, ba mu manta ba,
Cewa Allah bai saukar da wata cuta ba,
Face da maganinta, ba mu musa ba,
Buhari ya kawo shi cikin ruwaya.

Amma an tsara manufa a Abuja,
Aka zo mana da ita ba a warware hujja,
Ba a zauna da mu ba, balle a ba mu daraja,
Sai da aka ga jama'a sun ja,
Sannan aka neme mu da gaggawa da magiya.

Sai da aka kai ruwan ɗigon zuwa ɗakin bincike,
Aka sayo na Indonesiya, mutane suka sake,
A Yulin 2004 aka kwance abin da ya sarƙe,
Gwaji yana da ƙarfin raba gardama ya yanke,
Idan mai gwajin an san shi da gaskiya.

A 2009 sarakunan Arewa suka shigo,
Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ne jigo,
Hakimi da dagaci suka raka masu ɗigo,
Mai unguwa ya tsaya a jikin bango,
Yana kiran maigida da sunansa, ya fito da 'ya'ya.

Malamin Dawaki:
Allah ya gafarta Malam, da ke Hajiya, maganarku ta mayar da ni aji, domin ina ganin irin kimiyyar da muke koyarwa ita kanta tana bukatar a duba ta.

A 1977 Kano ta yi dabara,
Da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ta fara,
Makarantun kimiyya don zaɓaɓɓun yara,
Likitoci da injiniyoyi muka tara,
A wannan manufar kam kwalliya ta biya.

Amma sauran makarantu fa na cikin gari?
Na shiga ajin da ɗalibai suka haura ɗari,
Malami ya zana madubin ganin ƙwayar cuta da alli fari,
Yaro ya haddace sunan sassansa tun fari,
Ya gama sakandare bai leƙa cikinsa ba ko sau ɗaya.

Ga shi da Turanci ake koyarwa,
Yaron kuwa da Hausa yake ganewa,
A da manufar ilmi ta ƙasa ta ce da harshen uwa ake farawa,
Littafin kimiyya na Hausa kuwa ya yi wuyar samuwa,
Da wane baki zai koma ya fahimtar da Iya?

Ina so a koyar da labarin Trovan a aji,
Yaro ya san haƙƙinsa a wurin gwaji,
Ba a taɓa jikinsa sai ya yarda bayan ya ji,
A nuna masa yadda ɗigo ke gina garkuwar jiki, kada a gaji,
Har ya iya auna zance ya raba shi da ƙarya.

Unguwarzoma:
Malam, a kan wannan bakinmu ya zo ɗaya, amma bari in ambaci waɗanda suka biya farashin wannan rashin yarda da rayukansu.

A Fabrairun 2013 aka harbe tara,
Mata 'yan uwana masu ɗiga wa yara,
A Kano, amma aikin bai mutu ba, mun ƙara
Ɗaure zani, muka ɗauki akwatin ƙanƙara,
Allah ya jiƙansu ya ba danginsu juriya.

A Borno aka ga na ƙarshe mai shan inna na asali a 2016,
A Agustan 2020 aka ba da shaida,
Hukumar Lafiya ta Duniya ta miƙa takarda,
Afirka ta kori shan inna na asali daga gida,
Ranar mun yi sujada ta godiya.

Sai ga shi a 2023 mashaƙo ya kama,
Kano ce ta fi kowace jiha shan fama,
Yaran da ba a yi wa allura ba suna da dama,
Su ya fi kayarwa, ga ƙarancin ma'aikata kuma,
Wani ƙauyen babu asibiti, babu rijiya.

Malam, ka kawo ɗalibanka ranar Talata,
Ranar awo da allura ce a wurinmu ta mata,
Su ga firjin allura, su ɗauki kati su karanta,
Su ji tambayar uwa da kunnensu, su amsa mata,
Baba Liman, kai ma ka taho, kujerarka na shirya.